Covenant ko Flood, waye ainihin bos ɗin Halo?

Abba Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku ban aron hankalinku, akwai maganar da take cina tun daren jiya. Sati uku kenan ni da ƙanina Khalifa muna bin Halo, gem ɗin harbin nan da mutane ke yaƙar baƙin halittu, tun daga farko a kwamfuta, cikin haɗakar nan ta Master Chief Collection, karɓa-karɓa muke in an kashe ni ya karɓi pad in an kashe shi ya miƙo min. Mun gama na 1, mun gama na 2, jiya wajen ɗayan dare muka rufe na 3. Rabona da na 1 tun ina makaranta lokacin da ake yawo da shi a filash daga wannan laftof zuwa waccan, kuma a lokacin harbi kawai nake, da fim ɗin cikin gem ya fito zan danna ya wuce. Wannan karon na zauna na saurari komai. Abin da na fito da shi shi ne, duk tsoron da muka taso da shi na Flood, halittun nan masu shiga jikin mai rai su mallake shi, ba su ne mugun Halo ba. Mugun shi ne tsohon nan mai dogon wuya da ke yawo a kujera mai tashi, Truth, shugaban Covenant, haɗakar baƙin halittun da ke yaƙar mutane. Wanda bai yarda ba ya zo mu yi.

Sadiq Zariya:
Wa alaikumus salam. Abba na zo kuwa. Kai ka manta stej na shida a Halo 1 ne? 343 Guilty Spark. Stej biyar ka yi kana faɗa da Covenant har ka saba da su, ka san wanda zai gudu ka san wanda zai tsaya, sai kawai a sauke ka a wani daji mai fadama ana ruwa, hazo ko ina, ka ga Grunts da Jackals, ƙananan sojojin Covenant, suna ta gudu kuma ba kai suke gudu ba. Ka shiga ginin ka ga jini a bango har sama, gawarwakin Covenant a zube ba alamar wanda ya kashe su. Ka tarar da sojanku ɗaya ya rakuɓe jikin bango hankalinsa ya gushe yana harbinka da fistol. Sai ka tsinci hular kwanon Jenkins ka kalli abin da kyamararta ta ɗauka. Wallahi ranar da na fara kaiwa nan ni kaɗai ne a ɗaki, an ɗauke wuta, hasken laftof ne kawai da abin ji a kunnena, da ƙofofin nan suka fara ɓallewa ƙananan abubuwan nan masu kama da balan-balan suka dinga ɓulɓulowa sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Kuma ka tuna Bungie, kamfanin da ya yi gem ɗin, ba su tallata su ba kafin gem ɗin ya fito a Nuwamban 2001, mutane sun siya ne da sanin Covenant kawai za su yaƙa. Wane tsoho a kujera ne ya taɓa sa ka ji haka?

Abba Gwammaja:
Sadiq ban musa ba, wajen nan har yau yana aiki, Khalifa sai da ya ajiye pad ɗin. Amma ban tsoro daban, mugunta daban. Kura in ta ci akuya ba a kai ta gaban alƙali. Flood kamar farin dango ne ko annoba, ci kawai suka sani su yaɗu. Shi ko Truth ya san gaskiya ya take ta. Bari in warware ma waɗanda ba su bi labarin ba. Covenant haɗakar jinsuna ce daban-daban da suke bauta wa wasu mutanen da, Forerunners, sun yi imani wai in aka kunna zobban Halo za su yi Babbar Tafiya su bi iyayen gijinsu. Alhali zobban nan makami ne, guda bakwai, kowanne faɗinsa kilomita 10,000, in aka kunna ɗaya duk wani mai rai mai hankali a cikin tafiyar haske ta shekara 25,000 ya mutu. To kafin a fara yaƙi a 2525 su ukun nan, Truth da Mercy da Regret, sun ji daga bakin na'urar da suke kira Oracle cewa mutane su ne magadan Forerunners. Wato an bar wasu a baya kenan, addinin nasu gaba ɗaya ya rushe. Maimakon su faɗa wa jama'arsu sai suka rufe bakin na'urar, suka hau mulki, suka ce mutane ƙazanta ne a shafe su. Joseph Staten, wanda ya rubuta labarin gem ɗin, shi ya kawo wannan a littafinsa na 2007. Shekara 27 ana ƙona duniyoyin mutane har ƙasa ta narke ta koma kamar gilashi, duk don mutum uku su riƙe kujera.

Sadiq Zariya:
To ai ka kawo min hujja da kanka. Me ya sa aka gina zobban? Saboda Flood. Forerunners da duk iliminsu sun rasa yadda za su yi da su, shekara 100,000 da suka wuce suka yanke shawarar su kashe kowa har da kansu don Flood su rasa abinci. Abin da ya sa masu ƙera duniya da hannunsu suka zaɓi mutuwa shi za ka ce min fara? Kuma maganar ba su da hankali ba haka ba ne yayana. Gravemind, ƙwaƙwalwar Flood ɗin, fa? A Halo 2 shi ya kamo Master Chief, jarumin gem ɗin, da Arbiter, mayaƙin Covenant, ya riƙe su kamar 'yan tsaki yana musu magana a cikin baiti, ya tura kowa inda yake so, ya yi amfani da su ya samu hanyar shiga High Charity ya cinye birnin Covenant ɗin ɗungurungum. A na 3 ya haɗa kai da ku kuka je kan Truth, ana gamawa ko minti ɗaya ba a yi ba ya juyo kanku. Ga azabar da ya gana wa Cortana, basirar kwamfutar da ke taimakon Chief. Fara ba ta ƙulla alkawari balle ta karya.

Ummi K:
Sannunku da muhawara. Ni ina bayan yaya Abba amma ta wata hanya daban. Ni abin da ya riƙe ni a Halo ba Master Chief ba ne sam, Arbiter ne. Ku tuna yadda na 2 ya buɗe, nan ana ta bikin ba da lambar yabo a tashar Cairo ana tafi, can kuma an gurfanar da wani kwamandan Elite, wanda daga baya ya zama Arbiter, gaban majalisar Covenant saboda ya bari an fasa zobe, aka jawo shi gaban jama'a suna ta ihu, aka tuɓe masa sulke, Tartarus, shugaban jinsin Brutes, ya ɗauko ƙarfe mai zafi ya manna masa tambarin kunya a ƙirji. Ina zaune kusa da yayana yana bugawa lokacin ina ƙarama, sai na ji tausayin dodon da aka ce in tsana. Kuma wannan shi ne ya jagoranci rundunar da ta ƙona duniyar mutane ta Reach fa, ba wai mai tsabtar hannu ba ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin farko da aka ba shi. Aka ce je ka kashe wani ɗan bidi'a da ya yi tawaye. Kai da hannunka kake riƙe da pad, ka bi shi ka kashe, daga baya ka gane shi kaɗai ne a duk Covenant yake faɗin gaskiya, don ya ji ta daga bakin Guilty Spark, na'urar Forerunners mai kula da zobe. Flood ba za su iya sa ka yi wannan ba, su dai su cinye ka. Truth ne ya sa mutumin kirki ya kashe mai gaskiya yana ganin lada yake samu.

Bash Injiniya:
Ku kuna ta labari, ni a bar ni da abin da hannu yake ji. A wajen bugu Covenant sun fi Flood nesa ba kusa ba kuma wannan ba abin jayayya ba ne. Duba yadda aka jera su. Grunts a gaba, tsoro fal ciki, wani lokacin ma ka tarar da su suna barci ka bi su ɗaya bayan ɗaya da gindin bindiga. Jackal da garkuwarsa, sai ka nemi ɗan gurbin nan na gefe inda hannunsa yake. Elite shuɗi ƙarami, ja ya fi shi, mai ruwan gwal in ya zaro takobi ka nemi hanya. Ka jefa gurneti ya yi tsalle gefe, garkuwarsa ta faɗi ya ɓuya bayan dutse sai ta dawo, daidai yadda kai ma kake yi. Ka kashe Elite ɗin sai Grunts su watse suna ihu hannu a sama. Hunters kullum bibbiyu suke tafe, tarin tsutsotsi ne a cikin sulke, a na 1 in ka zagaya bayansa ka samu wajen nan mai ruwan lemo harsashin fistol ɗaya ya ishe shi. Kowane ɗaki lissafi ne, wa zan fara ɗaukewa, da wace bindiga. Ɗaya daga masu tsara shi, Jaime Griesemer, shi ya yi maganar nan ta daƙiƙa 30 ta daɗi da ake ta maimaitawa a sabon yanayi.

Flood kuma fa? Su rugo ka harba, su rugo ka harba. Sadiq tsakani da Allah ka ji daɗin stej ɗin Library? Hawa huɗu, lungu iri ɗaya, kana bin ƙwallon nan mai shuɗin ido yana ta 'yan waƙe-waƙensa, ka tsaya jiran ƙofa ta buɗe, bindigar nan mai watsa harsashi ce kawai gatanka.

Sadiq Zariya:
Library ya yi tsawo, na yarda, da an rage rabinsa da ya fi. Amma gajiyar da kake ji ai ita ce Flood ɗin, ba sa ƙarewa. Kuma Bash tunda ka kawo maganar bugu, Jackals masu harbin nesa na Halo 2 a matakin wahala na Legendary fa? Ka leƙo kai kawai a lungun Mombasa an kashe ka ba ka ma ga wanda ya harbe ka ba. Wannan ma lissafi ne?

Bash Injiniya:
A'a wannan kam zalunci ne, kuma Brutes na 2 ma ba su yi ba, harsashi kawai suke sha. Sai a na 3 aka gyara su aka ba su sulken da ke farfashewa. An yi gaggawa a na 2, shi ya sa ma ƙarshensa ya yanke kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo.

Malam Nura:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na ji daɗi da har yanzu ba wanda ya fassara laƙabin da gem ɗin ya ba su ukun nan zuwa Hausa, kuma ina roƙo a ci gaba a haka. Kalmar da Turawan suka sa musu mai girma ce a wajenmu, ba a jingina ta ga maƙaryata ko da a wasa. A ce shugabannin Covenant, ko bokayensu, ya wadatar.

Sannan akwai abin da ya daɗe yana min kai-kawo. Gem ɗin farko ya fito wata biyu bayan harin 11 ga Satumba. Na biyu ya fito 2004 ana tsakiyar yaƙin Iraƙi. Jarumi sojan da ke magana kamar Ba'amurke, abokan gaba kuma masu yaƙin addini da ba sa jin magana. Kuma sunan da aka fara sa wa Arbiter ɗin da Ummi take yabo shi ne Dervish, wato darwish, kalmar da duk wanda ya san ɗariƙa ya san ta, sai dab da fitowa aka canza saboda gudun kar a ce da Musulmi ake. To in ba su ga kamar ba me ya sa suka canza? Ni 'ya'yana suna bugawa, ina so in san me nake bari a gidana.

Abba Gwammaja:
Allah ya ƙara girma Malam, maganarka ta farko na karɓa hannu bibbiyu, da gangan ma na kauce mata. Ta biyun kuma ga yadda na gani. Tun 1999 aka nuna Halo, Steve Jobs ne ma ya gabatar da shi a taron Macworld kafin Microsoft su sayi Bungie a 2000, kuma kafin 2001 an riga an nuna baƙin halittun nan. Sannan in ka bi sunayen za ka ga daga littafin su Turawan suka ɗebo. Covenant alkawari kenan, Flood ruwan ɗufana, Ark kuma jirgin da aka tsira a cikinsa, har a labarin ma a can aka ajiye irin halittu lokacin da aka kunna zobba. Majalisarsu da shari'ar 'yan bidi'a da manyan riguna duk sun fi kama da tarihin cocin Turai. Maganar Dervish gaskiya ce, kuma gara da aka cire. Amma Malam duba abin da suka yi da shi wannan ɗin, shi ne suka ba ka ka buga, shi ne mai mutunci, kuma ba a ci yaƙin ba sai da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Chief. Da nufinsu a ce duk mai imani dodo ne da ba su ɓata rabin gem suna nuna maka zuciyarsa ba, har 'yan Amurka da yawa suka yi ta ƙorafi a lokacin wai su Chief kawai suke so.

Malam Nura:
Na gamsu da rabi Abba. Zancen 1999 ban san shi ba, na gode. Sauran rabin kuma zan zauna da yaran in gani da idona, hakan ya fi in hana ko in bari a makance.

Issoufou Maraɗi:
Ina gaida ku 'yan uwa. Mu nan PlayStation muka sani, Xbox sai jefi-jefi, Halo ga ordinateur na wani abokina na buga shi. Ni wanda ba ku yi maganarshi ba shi ne Grunt, shi ne talakan Covenant. Ba ya iya shaƙar iskarmu, tankin metan shina goye ga bayanshi kullum, an ɗauko shi daga ƙasarshi an ba shi 'yar ƙaramar bindiga an tura shi gaba don harsashinka ya ƙare ga jikinshi kafin manya su iso. Ga na 3 har za ka ga wani ya kunna gurneti biyu ya riƙe hannu da hannu ya rugo gare ka. Farko dariya nike musu saboda muryassu, daga baya na daina. Mi za a ba shi in an yi Babbar Tafiyar? Ko majalisa ba a shiga da shi. Sun taɓa yin tawaye, aka naɗa Arbiter na wancan zamani aka ƙona wani ɓangare na duniyarsu suka yi shiru. Wanga abu duk wanda ya tashi cikin talakawa ba sai an fassara mai ba.

Yakubu Nairobi:
Issoufou ka tuna min da Engineers na gem ɗin Halo 3: ODST, masu shawagi kamar balan-balan, su ko faɗa ba sa yi gyara kawai suka iya, Brutes suka ɗaura musu bam a jiki don kar su gudu. Ni kuma abin da ya sa nake ji da Halo daban ne. Da Covenant suka iso duniyarmu ba New York suka sauka ba, Mombasa suka sauka. Wani ɓangaren Halo 2 a can ake yi, ODST na 2009 gaba ɗayansa a New Mombasa yake, na 3 kuma Tsavo da Voi. Ranar da na fara hawa jirgin ƙasa daga Nairobi zuwa Mombasa muka tsaya a tasha na ɗaga kai na ga an rubuta Voi, wallahi sai da na miƙe tsaye, ashe garin gaske ne, jar ƙasa da duwatsu da ƙaya, na ɗauki hoto na tura wa abokina da muka buga tare. A labarin a ƙarƙashin ƙasar nan aka binne ƙofar da ke kai wa Ark, ita Truth yake haƙa. Shi kansa Regret da ya fara zuwa da 'yan jirage kaɗan bai san nan ne gidan mutane ba, kayan tarihi ya zo nema ya faɗo tsakiyar rundunarmu.

Khalifa:
Yayyena ku yi haƙuri in sa baki. Ni da Halo Infinite na fara kafin yaya Abba ya zaunar da ni na ga tsofaffin. Ni Atriox ne ya fi burge ni, a farkon gem ɗin ya kama Master Chief ya yi masa duka ya wurga shi sararin sama. Kuma shi ba ruwansa da ƙaryar addinin, shi ma Covenant ɗin ya yi wa tawaye tun suna da ƙarfinsu, arba'in arba'in ake tura su su mutu shi kaɗai yake dawowa, har ya gaji ya kafa Banished.

Ummi K:
Khalifa Atriox namiji ne ba musu, a Halo Wars 2 na 2017 ya fi fitowa sosai ma, don a Infinite bayan wannan buɗewar Escharum ne ke ta maka jawabi. Amma shi ƙarfi ne da ƙarfi, ka san me yake so ya san me kake so. Ba ya sa ka tsaya ka yi tunani. Tunda kamfanin 343 Industries suka karɓa daga hannun Bungie bayan gem ɗin Halo: Reach na 2010 ba su ƙara samun abokin gaba mai nauyin na da ba, Didact na Halo 4 da ƙarafunansa masu ɓacewa su ɓullo ko sunayensu ba kowa ke riƙewa ba.

Hamza D/Kura:
Duk kun bar wani ɓangare. Wa ya yi Master Chief? A 2517 Dakta Halsey da hukumar leƙen asirin soja suka sace yara 75 'yan shekara shida daga gidajen iyayensu, suka ajiye kwafinsu da aka haɗa a ɗakin gwaji a madadinsu, kwafin suka yi ta rashin lafiya suna mutuwa iyaye suna kuka suna zaton 'ya'yansu suka binne. Da suka kai sha huɗu aka yi musu tiyata da yawansu suka mutu wasu suka nakasa. Kuma lokacin ba a san da wani Covenant ba, shekara takwas kafin su bayyana, don a murƙushe 'yan tawaye mutane 'yan uwansu aka yi su. Ni mai ɗa ɗan shekara shida ne, in na tuna wannan ba na iya cewa mugunta a ɓangare ɗaya take.

Abba Gwammaja:
Hamza wannan ta shige ni, ban da amsarta, kuma ba zan kare matar nan ba. Amma bari in koma kan tsohona da hujjar da ba sai ka karanta littafi ba, a cikin gem ɗin take. Zoben ba ya kunnuwa sai da hannun mutum. A ƙarshen na 2 Tartarus sai da ya kamo Miranda Keyes ya tilasta mata ta sa mabuɗin. A na 3 Truth da kansa ya kama hannun Sajan Johnson ya danna a kan na'urar. To wanda ya shekara 27 yana cewa mutane najasa ne, ya aka yi ya san sai da hannunsu ɗakin ibadarsa yake buɗewa? Ya sani tun farko. Kuma ku dubi yadda ya yi da nasa. Regret ya nemi agaji bai samu ba, Chief ya haye kujerarsa ya kashe shi da naushi. Sai Truth ya fake da wannan mutuwar ya ƙwace gadin fada daga Elites, waɗanda da su aka kafa Covenant ɗin tun asali, ya ba Brutes, daga nan aka bi 'yan majalisarsu aka karkashe. Mercy kuma ɗan Flood ya maƙale masa a wuya yana shure-shure, Tartarus ya miƙa hannu zai cire, Truth ya ce a bar shi, ya hau jirgi ya tafi. Abokin sirrinsa kenan na shekara da shekaru.

Sadiq Zariya:
To ga tambaya Abba. In ya san ƙarya ce me ya kai shi Ark zai kunna zobban gaba ɗaya? A na 3 ihu yake yi shi zai zama abin bauta. Wannan ai mahaukaci ne da ya yarda da tatsuniyarsa, ba mai wayon da kake faɗa ba.

Ummi K:
Sadiq nan kam ka taɓo wani abu. Truth na 2 da na 3 kamar mutum biyu ne, ko muryar ma an canza, Michael Wincott ne a na 2 mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana lallashinka, Terence Stamp a na 3 mai wa'azi da ƙaraji. Ni na 2 ya fi ban tsoro. Amma yadda na fahimta, abin da ya sani shi ne an bar mutane a baya, bai taɓa yarda cewa Tafiyar kanta babu ita ba. Kuma Ark a wajen da zobban ba sa kaiwa yake, ya kai kansa tudun mun tsira kafin ya danna, talakawan da Issoufou yake magana a kansu da aka baro a baya su ne za su ƙone.

Sadiq Zariya:
Na ji. Amma ku tuna yadda ya ƙare. Kafin Arbiter ya iso Flood sun riga sun shiga jikinsa, fatarsa tana tsirowa, Gravemind yana magana ta bakinsa. Shi da ya juya jinsi takwas da harshe, a ƙarshe harshen nasa wani ne ke juya shi. Kuma har yau ba abin da ya tsaya min a rai a Halo kamar Kyaftin Keyes, ka ratsa jirgi guda kana jin muryarsa kana sauri ka cece shi, ka iso ka tarar fuskarsa ce kawai ta rage a jikin wani tulin nama, Chief ya dunƙule hannu ya fasa goshin ya zaro na'urar da ke kansa don da ita za a fasa jirginsu Pillar of Autumn. Ina nan kan bakana.

Abba Gwammaja:
Ka zauna a kai ɗan uwa, wajen Keyes ɗin nan ni ma jiya-jiya na gan shi ban manta ba. Ni dai abin da na kalla a daren jiya shi ne Chief yana tsaye da bindiga a hannu bai harba ba, ya bar wa Arbiter, shi ya shaƙo wuyan ya soka takobin ta baya, da tambarin da aka ƙona masa har lokacin a ƙirjinsa. Khalifa ya tambaye ni me ya sa Chief bai kashe shi da kansa ba, na ce masa ba shi aka yi wa ƙaryar ba.

Malam Nura in za ku zauna da yaran ku fara daga na 1 a jere, kar ku tsallake fim ɗin ciki, amma stej na shida a yi shi da rana saboda ƙananan. Mu yau bayan isha'i Reach za mu shiga, Khalifa bai san yadda yake ƙarewa ba, dan Allah kar wanda ya faɗa masa.